Ranar Da Samarin Jenne Suka Yi Wa Masu Gyaran Masallaci Bore

Ranar 20 ga Satumban 2006 aka hango wasu mutane a kan rufin babban masallacin Jenne, a ƙasar Mali, suna sarar ƙasa. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga gari cewa ana rusa masallaci. Samari suka yi dafifi, suka kutsa ciki, suka ciccire fankokin da ofishin jakadancin Amurka ya bayar kyauta, sannan suka fantsama cikin gari. An farfasa ofishin hukumar kula da kayan tarihi na garin, an afka wa gidan magajin gari, an lalata motocin liman da na ƙanensa. 'Yan sandan garin suka rasa yadda za su yi sai da aka turo musu ɗauki daga Mopti. Mutum guda ya rasa ransa.

Mutanen da ke kan rufin nan ba ɓarna ta kai su ba. Ma'aikatan sashen raya al'adu ne na Gidauniyar Aga Khan, suna tona gwaji don su ga lafiyar itatuwan da ke riƙe da rufin, kafin a fara gyaran da gidauniyar ce za ta biya kuɗinsa. Ke nan mutanen gari sun yi wa masu son taimakonsu bore, a kan ginin da su da kansu suke fita kowace shekara su yaɓe da hannu ba tare da an biya su ko sisi ba. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce jahilci ne ko zafin kan yara. Ni ban ɗauke shi haka ba.

Jenne gari ne da ke cikin fadamar kogin Bani, a yankin Mopti. Idan ruwa ya cika bayan damina, garin kan koma tsibiri. Tsohon gari ne na fatauci da malanta, abokin cinikin Tumbuktu tun zamanin da ake sauke gishirin hamada a ɗauki zinariya. Kusa da shi akwai kufan Jenne-Jeno, inda masu tonon tarihi suka gano cewa mutane sun zauna tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1988 hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi da kufai huɗu da ke kewaye da shi, da gidajen ƙasa kusan dubu biyu. A riƙe wannan batu na gidaje, don a nan ƙullin yake.

Shi masallacin ana lissafa shi a matsayin ginin ƙasa mafi girma a duniya. Yana zaune a kan wani dandamali mai kimanin mita 75 kowane gefe, wanda ya ɗaga mita 3 sama da filin da kasuwar Litinin take ci, saboda ambaliya. A bangon alƙibla akwai hasumiya uku, ta tsakiya ta kai wajen mita 16, an ɗora ƙwan jimina a ƙolinsu. Ginshiƙai 90 ne ke ɗauke da rufin. A saman rufin akwai ƙananan ramuka masu murfin yumɓu, ana buɗe su idan zafi ya yi yawa iska ta fita, ga kuma indararo na yumɓu da ke watsa ruwan sama nesa da bango. Abin da ido ya fi kamawa su ne itatuwan da suka tsattsago daga jikin bangon, jere-jere. Mutanen garin suna ce musu toron. Giginya ce, wato dai itacen da magininmu yake fasawa ya yi azara. Baƙo zai ɗauka ado ne kawai. Amma matakala ce da aka gina tare da bangon, domin tun ranar farko maginan sun san cewa baɗi sai mutum ya hau ya yi yaɓe.

Wannan ba shi ne masallacin farko a wurin ba, kuma yadda na farkon ya mutu darasi ne a kan na yanzu. Tarihin da malaman yankin suka rubuta ya ce wani sarkin Jenne, Koi Komboro, da ya musulunta, ya rushe fadarsa ya gina masallaci a gurbinta, galibi ana kai abin ƙarni na 13. Ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Da Bafaranshen nan René Caillié ya shigo garin a 1828, ya tarar an bar shi, tsattsewa sun cika shi da sheƙa, mutane na salla a wani ɗan fili a waje. A lokacin garin yana hannun Shehu Ahmadu Lobbo na Masina, wanda jihadinsa ya biyo sawun na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shehu Ahmadu bai gamsu da tsohon masallacin ba, ya gina wani marar ado a gabashinsa tsakanin 1834 da 1836. Ba a sa gatari an rushe tsohon ba. Daina yaɓe kawai aka yi, damina ta ƙarasa aikin. A bakin mutanen garin har ana cewa toshe indararon aka yi don ruwa ya kwanta a rufi.

Faransawa sun ci garin a 1893. A 1906 zuwa 1907 aka sake gina masallacin a kan tsohon gurbinsa, ƙarƙashin jagorancin sarkin maginan garin, Isma'ila Traore, kuma da aikin tilas aka yi, kamar yawancin manyan ayyukan zamanin mulkin mallaka. Har yau masana na jayayya kan ko Faransawa sun sa hannu a fasalinsa. Wani ɗan jaridarsu, Félix Dubois, da ya ga sabon ginin, bai ɓoye ƙyamarsa ba, har ya kwatanta shi da bushiya. Ginin da aka ɗora da wahalar talakawa a ƙarƙashin Nasara, shi ne jikokinsu suka mayar abin alfaharinsu, kuma hanyar da suka bi suka mallake shi ita ce yaɓen shekara.

Ana yin sa da bazara, kafin ruwa ya sauka, yawanci a Afrilu ko Mayu. Dattawan gari da magina ne ke tsayar da rana. Tun da sauran kwanaki ake ɗebo laka daga bakin kogi a zuba a ramuka, a haɗa da buntun shinkafa, a bar ta ta ruɓa har ta yi duhu ta yi danƙo. Warinta ba daɗi, amma magini da hancinsa da tafin hannunsa yake gane ta nuna. Yara maza su ne injin kwaɓi: a sake su cikin ramin su yi ta tsalle da kokawa, ƙafafunsu na murje lakar. Daren ranar ba a cika barci ba, kiɗa ake yi a unguwanni.

Tun kafin gari ya waye ake ba da izini. Samari su rugo da kwanduna a ka, laka na zuba musu a fuska da kafaɗa, su juye su koma da gudu. 'Yan mata da mata na jigilar ruwa daga kogi. An jingina dogayen tsani na giginya, masu faɗin da mutum da yawa za su tsaya a jere, wasu kuma sun riga sun ɗare toron, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, ana miƙa musu laka daga hannu zuwa hannu suna shafawa da tafi, ba cokalin gini. Kowace unguwa da ɓangarenta, kuma gasa ce, ba wanda yake so a ce unguwarsu ce ta ƙarshe. Tsofaffin magina da suka yi wannan hawa shekara da shekaru suna zaune a filin kasuwa a wurin da aka keɓe musu, suna kallo suna gyara wa na sama kuskure. Kafin rana ta take, bangon da damina da hunturu suka tsattsaga ya koma sumul, kuma da wuya ka ga mai tsabtar riga a garin, don duk wanda ya gifta sai an shafa masa rabonsa.

Mu a ƙasar Hausa aikin gayya za mu kira wannan, kuma mun san ƙa'idarsa: ba a biyan kowa, amma kowa ya san wanda bai fito ba. Sai dai gayyar Jenne tana da ƙashin baya, wato ƙungiyar maginan garin da ake kira barey ton. Sana'a ce ta gado da koyo a hannun ubangida, yaro ya fara da ɗaukar tubali da kwaɓa ƙasa shekaru kafin a bar shi ya ɗora bango. Kowane gida a garin yana da magininsa, alaƙar kuma takan bi zuriya: uban wannan ya gina wa uban wancan. Magini ba ya taɓa ginin da yake hannun ɗan'uwansa sai da izininsa. Suna kuma da asiransu da addu'o'in da suke yi a kan harsashi, waɗanda ba a faɗa wa bare. Wani masani, Trevor Marchand, sai da ya zama lebura a ƙarƙashinsu kafin ya fahimci yadda ilimin yake tafiya, don ba a takarda yake ba.

To a garin da magini ba ya sa hannu a katangar wani magini sai ya nemi izini, a ce an wayi gari an ga baƙi a kan rufin masallacin Juma'a da kayan sara. Ko da an yi magana da hukuma a Bamako, ko da wasu manyan gari sun sani, samarin da ke ɗaukar kwandon ba su sani ba, kuma a ganinsu su ne masu ginin.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko da ba ta yi wa masu son al'ada daɗi ba: ƙwararrun sun gano ciwo na gaske. Yaɓen da ke raya masallacin shi ne kuma yake danne shi. Kowace shekara ana ɗora sabon shafi a kan na bara, ba a kankare tsohon, kuma gasa ba ta barin a tsaya a duba inda ya yi kauri. Shekara kusan ɗari ana haka. Kusurwoyin da suke da kaifi a hotunan farkon ƙarni na 20 suka dunƙule, bango ya yi ƙiba, rufi ya yi nauyin da ba a yi azarar dominsa ba. Ranar 5 ga Nuwamban 2009, ana tsakiyar aikin gyara, aka tafka ruwa na milimita 75 cikin kwana guda, a lokacin da damina ta riga ta wuce, sai saman hasumiyar kudu ya rufto. Gayya ta iya rufe tsaga, amma ba aikinta ba ne ta leƙa cikin rufi ta ga itacen da ya ruɓe. Wannan sai an tona, abin da mutanen nan suke yi ke nan ranar da aka yi musu ca.

Idan haka ne, me ya kai samarin gidan magajin gari da motocin liman? Wuraren da suka nufa su ne suka fallasa abin da ke cinsu. Ba baƙin kaɗai suka kora ba, sun bi duk wanda suke ganin kuɗin sunan Jenne yana bi ta hannunsa. Shekara goma sha takwas ke nan a lokacin da sa garin a jerin UNESCO. Turawa na zuwa da kyamara, ana jin labarin tallafi daga ƙasashen waje, ana taro ana rubuta rahoto, shi kuwa talakan gari abin da ya sani shi ne doka ta hau kan gidansa. Tunda garin gaba ɗaya aka sa a jerin, ba masallacin kaɗai ba, mai gida ba shi da ikon sauya fasalin gidansa yadda ya ga dama. Ba a son siminti, ba a son bulo, ba a son rufin kwano. Mutum yana son ɗaki mai faɗi da zai ɗauki gado da kujeru, yana son makewayi na zamani, ana ce masa gidansa gadon duniya ne.

Kuma gidan ƙasa ba ya jira. Shi ma yana son yaɓe duk shekara ko bayan shekara biyu, kuma wannan ba gayya ba ce, daga aljihun mai gida take fita: kuɗin laka, kuɗin buntu, ladan magini da leburori. Masu hali a da har man kaɗanya suke sawa a kwaɓin don ya kore ruwa, kamar yadda namu maginan suke sa makuba. Farin shekarun 1970 da 1980 ya karya noman shinkafa da kamun kifi, mutane da yawa suka bar gari, gidaje suka zauna ba mai kula da su har suka zube. Buntun da a da ake zubarwa ya zama abin saye. Sai aka shiga dabarar lulluɓe bango da ƙananan tubalan da aka gasa, a liƙe su da siminti, don a huta da yaɓe. Dabarar tana da kyau a ido shekarun farko. Daga baya ruwa ya sami tsaga ya shige bayansu, ƙasar ciki ta jiƙe ba ta samun hanyar bushewa, wata rana fuskar bangon ta ɓalle gaba ɗaya. Maginan sun san haka sarai, amma mai gida ne ke biya.

An yi ƙoƙarin taimaka wa gidajen. Daga 1996 gwamnatin Holan ta ɗauki nauyin wani shiri da ya gyara gidaje kusan ɗari, da hannun maginan garin. Aiki ne mai kyau, ya kuma ba magina abin yi. Amma ɗari cikin kusan dubu biyu ne, kuma gidan da aka gyara bana, baɗi ma yana son yaɓe, shiri kuwa yana da ranar ƙarewa. Wanda aka tsallake gidansa kuma yana kallon na maƙwabcinsa yana tambayar wa ya zaɓa. Irin wannan gunaguni ne ya taru shekara da shekaru, saran rufin ya zama ashana kawai.

Bayan tarzomar ba a fasa aikin ba, amma ba a koma rufin washegari ba. Sai wajen ƙarshen 2008 aka fara gyaran sosai, aka kai 2010. Gidauniyar ba baƙuwar irin wannan gini ba ce, ta riga ta gyara babban masallacin Mopti, inda aka kankare simintin da aka taɓa shafa wa samansa, tana kuma aiki a masallacin Jingarai Ber na Tumbuktu. A Jenne maginan garin ne suka yi aikin da hannunsu. Aka rage tulin ƙasar da ta taru, aka sauya itatuwan da suka lalace, aka sake ɗora hasumiyar da ta faɗi. Abin da aka yi daga baya, wato a zauna da masu abu kafin a taɓa abinsu, da shi aka fara da wataƙila ba a yi asarar rai ba. Ina ganin kuskuren bai wuce na ɗaukar sa hannun hukuma a matsayin yardar gari ba. A takarda masallacin yana ƙarƙashin kulawar gwamnatin Mali. A zuciyar mai ɗaukar kwando kuwa, wanda ya yi wa gini wahala shi ke da shi.

Akwai wani abu a garin da aka yi da wannan fahimta tun farko, ɗakin adana tsofaffin littattafai. Iyalan malamai suna kawo rubuce-rubucen kakanninsu a ajiye musu a ɗauki hotonsu, aikin da aka fara a 2009 da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya, amma littafin yana nan na mai shi. Da an ce su miƙa wa gwamnati, da wuya su fito da su daga cikin akwati.

Mai karatu daga Zariya zai tuna da nasa. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda bakan gizonsa ya sa masana gini na duniya suke zuwa kallo, a shekarun 1970 aka rufe abin da ya rage nasa cikin sabon gini na zamani. An tsare shi daga ruwa, amma daga ranar ya daina buƙatar hannun jama'a. Na Jenne yana waje, ruwa na dukansa, don haka kowace shekara dole a koya wa sabbin yara hawan toron.

Daga 2012 rikicin Mali ya kore 'yan yawon buɗe ido. Masu masauki, masu yi wa baƙi jagora, masu sayar da kayan hannu, duk kasuwarsu ta mutu, kuma tashin hankalin da ya fara a arewa ya gangaro tsakiyar ƙasar, yankin da Jenne take. A 2016 UNESCO ta mayar da garin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, tana kafa hujja da rashin tsaro da ya hana a magance lalacewar gine-gine, da matsin sababbin gine-gine, da zaizayar kufan da ke kewaye. Baƙi sun ɗauke ƙafa, kuɗin waje ya ja baya, amma an ci gaba da yaɓen masallaci a shekarun nan, wani lokaci da jami'an tsaro a bakin gari. Wannan kaɗai ya nuna ba don kyamarar Bature ake yi ba.

Gidajen ne ba su da wannan gata. A lungunan da ke bayan filin kasuwa, tsakanin gidaje masu hawa biyu da ƙofofinsu na gargajiya, akwai waɗanda suka zube suka zama tudun ƙasa, akwai kuma waɗanda aka lulluɓe da gasasshen tubali duk da doka. Maginin da ya kwana yana jagorantar unguwarsu a jikin hasumiya ba a ba shi ko sisi ba, idan mako ya zagayo mai gida ya kira shi ya liƙa masa tubalan nan da siminti, zai je, don a nan abincin iyalinsa yake.